Amanar Lambu a Ƙasar Sanyi

Masu iya magana kan ce rashin sani ya fi dare duhu. Ba mu tabbatar da haka ba sai a shekarar 2010, lokacin da neman ilmi ya kai mu birnin Barmingham na ƙasar Ingila, mu da iyali.

Gidan da muka kama haya na wata dattijuwa ne, wadda ta tafi Ostireliya wurin 'yarta. Ta rage mana kuɗin haya bisa sharaɗi guda, wato mu kular mata da lambun bayan gida, musamman wani ƙaramin itacen lorel da marigayi mijinta ya dasa. Wannan itace shi ne wanda ake jefa busasshen ganyensa a dafa-duka don ƙanshi. Muka amsa ba tare da wani tunani ba, domin mu 'ya'yan manoma ne.

Sai ga watan Disamba na shekarar, wanda ya fi kowane Disamba sanyi a Birtaniya cikin shekara ɗari. Mu da muka saba da jaurar hunturu, wadda iyakarta ta fasa leɓe da diddige, sai muka ga raɓa tana daskarewa a kan ganye kamar an barbaɗa gishiri. Kafin Janairu ya ƙare, ganyen lorel ya koma ruwan ƙasa kamar an babbaka shi. Kunya ta rufe mu. Muka yanke shawarar sare shi, mu sayo wani mu dasa, ko ma rufa wa kanmu asiri.

Muna riƙe da zarto sai maƙwabcinmu, wani tsohon direban jirgin ƙasa, ya leƙo ta kan shinge, ya ce, "Ɗana, wa ya ce maka ya mutu?"

Muka ce, "Baba, ai ga shi ido na gani."

Ya zagayo, ya kankare ɓawon wani reshe da farce. Launin ƙasa. Ya yi ƙasa kaɗan ya kankare, haka nan. Sai dab da gindi kore ya bayyana, ɗanye shar. Ya bayyana mana cewa idan sanyi ya sauka ƙasa da sifiri, ruwan da ke cikin ganye yakan zama ƙanƙara ya farfasa naman ganyen, amma saiwa tana da ƙasa a matsayin bargo. Ya hana mu yanke ko reshe ɗaya, domin matattun rassan nan su ne garkuwar abin da ya rage, kuma sara yakan tayar da sabon toho wanda sanyin baya zai ƙone. Ya hana mu zuba taki. Ya ce mu tara busasshen ganye a gindin, mu lulluɓe shi da mayafi mai shan iska a daren da sama ta washe, domin irin wannan dare ya fi daskarewa. Sauran aikin kuwa jira ne, har ƙarshen Mayu.

Jiran ya yi mana nauyi. Sau biyu muna fara wasiƙa zuwa ga mai gidan muna yagewa, sai a karo na uku muka gaya mata gaskiya. Amsarta layi ɗaya ce: "Ku bar shi a inda mijina ya sa shi."

A watan Yuni toho biyar suka ɓullo daga gindi. A sannan muka datse matattun rassan zuwa inda kore ya fara. Wasu shuke-shuke biyu na gefen katanga kam ba su tashi ba, kuma mun faɗa mata haka.

Abin da ya fi ba mu kunya shi ne, wannan ilmi muna da shi tun daga gida. Kowace shekara muna sassabe sabara da kalgo a gonar mahaifinmu, kowace shekara kuma suna sake tohowa daga kututture. Baƙunci ne ya mantar da mu, har muka kusa kashe abin da sanyi ya bari da rai.