Kirsimeti a gindin Dutsen Zuma

Da zarar Disamba ta kama, kasuwar IBB ta Suleja kan cika maƙil da masu neman atamfa, shinkafa da kaji, teloli kuma su yi sallama da barci. A daidai lokacin ne wata tsohuwar gardama ke tashi tsakanin Kiristoci: ya dace mai bin Almasihu ya yi bikin da ake cewa daga bautar gumaka ya samo asali?

Masu cewa bai dace ba suna da hujjarsu. Shaidun Jehobah ba sa Kirsimeti, ba sa Ista. Fasto W.F. Kumuyi na Deeper Life ya faɗa a 2013 cewa cocinsa ba ta yin bikin saboda tushensa, taron addu'a mabiyansa ke tafiya a kwanakin. Sukan ce Littafi Mai Tsarki bai ambaci ranar haihuwar Yesu ba, kuma Romawa na da shagalin Saturnaliya da ke farawa 17 ga Disamba. Maganar ta daɗe: majalisar Ingila ta soke Kirsimeti a 1647, a Massachusetts ta Amurka kuwa daga 1659 zuwa 1681 tarar sule biyar ake cin duk wanda aka kama yana bikin.

Sai dai tarihin bai miƙe haka ba. Shaidar farko ta bikin a 25 ga Disamba daga Roma ta fito, a shekarar 336, kuma masana da yawa na ganin lissafi ne ya haifar da ranar: an ɗauki 25 ga Maris a matsayin ranar ɗaukar cikin Yesu, aka ƙirga wata tara. Cocin Habasha na yin nata 7 ga Janairu.

Mutumin Suleja ma ba ya buƙatar zuwa Roma kafin ya fahimci batun. Kakannin Gbagyi da Koro da yawa sun girmama Dutsen Zuma a matsayin mazaunin iskoki, da ganga da rawa suka yi bautarsu. Turawan mishan na farko sun yi wa gangar kallon kayan tsafi. Yau a shiga cocin ECWA ko ta Katolika ranar Lahadi a ga Zumuntar Mata da ganga, da tulu, da caki, suna yabon Allah da Hausa ko Gbagyi har ginin na amsawa. Babu wata uwa a cikinsu da ke kiran iska. Idan asali kaɗai ke haramta abu, to sai a fara ƙwace gangar nan, kuma mai wannan rubutu bai ga dalilin yin hakan ba. Inda ya kamata a ja layi shi ne al'adar da har yanzu take neman taimakon wani abin bauta: yanka wa dodo, zuwa wajen boka kafin aure, ɗaura laya a ƙarƙashin rigar coci. Waɗannan suna nan da ransu, kuma sun fi ranar kalanda cancantar wa'azi.

Manzo Bulus ya riga ya taɓo irin wannan saɓani a wasiƙarsa ga Romawa sura 14, inda ya bar wa kowa lamirinsa kan ranaku, ya hana ɗan'uwa yanke wa ɗan'uwa hukunci.

A wannan yanki akwai ƙarin dalilin tauna magana kafin a furta. Ranar 25 ga Disamba 2011, bam ya tashi a ƙofar cocin St. Theresa da ke Madalla yayin da jama'a ke fitowa daga sujadar safe, ya kashe fiye da mutum 30. Haihuwar Yesu ce ta fito da su daga gidajensu da safiyar nan. Wanda bai gamsu da bikin ba yana da 'yancin zamansa a gida ko wajen addu'a, amma kiran masu zuwa sujadar Madalla masu bautar gumaka zalunci ne gare su da waɗanda suka binne.