Gajeren Allo a Gaɓar Ngor

A gaɓar Yoff, arewa da birnin Dakar, inda rairayi yake shimfiɗe kuma raƙuman ruwa suke karyewa cikin sauƙi, a nan ƴaƴan masunta na ƙabilar Lebu suke koyon tsayuwa bisa allo. Mutum ya kwanta rub da ciki a kan allon, ya tuƙa da hannuwansa zuwa cikin teku, ya jira raƙumin ruwa ya taso, sa'an nan ya miƙe tsaye ya hau shi har ya kawo shi bakin gaɓa. Wani saurayi ɗan shekara 19 ya yi shekara biyu yana wannan wasa a kan wani tsohon allo mai tsawon mita 2 da rabi, wanda wani baƙo ya bar wa kawunsa. Allo ne mai kauri da faɗi, mai haƙuri kamar tsohuwar goɗiya. Ba ya kayar da mai shi sai mai shi ya nemi faɗuwa.

Amma idon saurayin yana Ngor. Can bayan ɗan tsibirin, ruwa yana karyewa a kan duwatsu, yana naɗewa zuwa dama, kuma gwanayen da suke hawansa gajerun alluna suke riƙewa a hammata, kamar ɗan makaranta da allonsa. Shi kuwa sai ya ɗora nasa a ka, kamar mai dakon ƙyaure. Abin da yake faɗa wa kansa shi ne allon ya hana shi juyawa yadda yake so, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai ɗaukar nan a ka ta fi ci masa rai, ko da bai taɓa furtawa ba.

Da ya san tarihin wurin, da wataƙila kunyar ta ragu. Amurkawan nan biyu, Mike Hynson da Robert August, waɗanda suka hau ruwan Ngor a cikin fim ɗin The Endless Summer da ya fito a 1966, allunansu sun kai kusan mita 3. Sai a 1967 ne Bob McTavish da abokansa a Ostareliya suka soma datse tsawon allo, cikin ƴan shekaru ya dawo wajen mita 2. A 1981 kuma Simon Anderson ya ci gasar Bells Beach da allo mai fiffike uku a ƙarƙashinsa, wanda ya zama samfurin da aka fi bi har yau. Waɗanda suka rage tsawon nan gwanaye ne da suka riga suka ƙure dogon allo.

Wata takwas saurayin ya yi yana tara kuɗi daga aikin kwalekwalen da yake tsallakar da baƙi zuwa tsibirin. Da kuɗin suka taru, ya je rumfar wani dattijo mai gyaran alluna, ya nuna masa wanda wani Bafaranshe mai shirin komawa gida yake son sayarwa: mita 1 da santimita 75, siriri, mai tsinin baki.

Dattijon ya ɗaga allon da hannu ɗaya, ya dubi saurayin daga sama har ƙasa, ya tambayi nauyinsa. Kilo 72. Ya ce, "Ɗana, kai tsawo kake dubawa, ruwa kuwa ciki yake dubawa. Wannan lita 26 ne. Naka na yanzu ya haura 70."

"Baba, ai da irinsa manya suke hawa."

"Da irinsa suke hawa, ƙwarai."

Bai ƙara ba. Lissafin dattijon kuwa mai sauƙi ne. Kowace lita ta jikin allo tana iya ɗaukar kusan kilo ɗaya a bisa ruwa. Allo mai lita 70 yana ɗaga mai kilo 72 kusan ɗungum, ya yi ta sulɓi da ɗan tuƙi kaɗan, ya kama raƙumin ruwa tun yana tasowa, tun bai miƙe ba. Mai lita 26 kuwa nutsewa yake yi ƙarƙashin ƙirji, jiki yana jan ruwa, saboda haka ba a kama raƙumin sai a makare, daidai lokacin da ya tsaya kamar bango yana shirin rushewa, kuma dole a miƙe cikin ƙiftawar ido. Ladan gajeren allo yana nan: juyi mai kaifi, da iya danna shi a nutse ƙarƙashin kumfa in ana fita zuwa cikin teku. To amma sai an tsaya a kansa tukuna.

Ya saya. Lokacin sanyi ne, tsakanin Nuwamba da Maris, sa'ad da manyan raƙuman ruwa suke gangarowa daga arewacin tekun Atlantika. Da, a Yoff, yakan hau ashirin kafin hantsi. Yanzu a Ngor in ya sami biyu ya gode Allah, su ma galibi da ka yake sauka. Kafaɗunsa suka yi tsami, ƙananan yara masu manyan alluna suna wuce shi suna gaishe shi da ladabi, gaisuwar da ta fi zagi ciwo. Duwatsun wurin kuma cike suke da bushiyar teku, wata halitta mai baƙaƙen ƙayoyi masu karyewa cikin nama. Dare uku mahaifiyarsa tana zaune da allura da fitila tana cire masa su daga tafin ƙafa, ba ta tambaye shi komai game da kuɗin wata takwas ba.

Abin da ya fi muni shi ne ya soma mantuwa. Hawa ake koyo da hawa, wanda kuwa yake samun biyu a rana maimakon ashirin ya rage wa kansa darasi sau goma. Komawa ga tsohon allo kuma, a ganinsa, shelar kasawa ce a gaban unguwa. Sai ya daina zuwa. Makonni shida yana tuƙa baƙi zuwa tsibirin, yana kau da kai daga inda ruwa yake naɗewa.

Ranar da ya koma rumfar, dattijon bai tuna masa da maganar farko ba. Ya jawo wani allo daga bayan buhunan kaya, mita 2 da ɗan ɗori, mai faɗin ƙirji da zagayayyen baki, lita 42, an yi masa faci a wuri biyu. Ba shi da kyan gani ko kaɗan. Suka yi musaya, saurayin ya yi hasarar kusan sulusin abin da ya biya, dattijon ya rataye siririn allon a bango kusa da wasu guda huɗu irinsa.

"Baba, waɗannan fa?"

"Masu su suna zuwa ɗauka in lokaci ya yi. Ɗaya ya zo bara."

Washegari da asuba saurayin ya nufi Yoff, ba Ngor ba. Sabon allon bai shiga hammata sosai ba, sai da ya tallafe shi da kwankwaso. Ya hau goma sha ɗaya kafin kawunsa ya kira shi aiki, kuma a na takwas ya danna diddigen ƙafarsa ta baya, allon ya juya.