Ranar da Na Goya Yayana

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da zan ba ku labari a gidanmu ya faru, kuma da idona na gani.

Ina da wa wanda ciwon shan inna ya kama tun yana ɗan shekara uku, ƙafafunsa duka biyu suka shanye. Mahaifinmu bai yarda a kai shi bakin kasuwa bara ba, ko da yake mutane da yawa sun ba shi shawarar haka. Sai ya sayar da ragonsa ya sayo masa keken guragu, ya sa shi makaranta. Yaya ya gama sakandare da sakamako mai kyau, har ya koyi aikin kwamfuta.

A hutun ƙarshen shekarar bara muka ji ana neman akawu a wani ofishin gwamnati a garinmu. Na raka shi. Da muka isa sai muka tarar ofishin yana saman bene, ga matakala mai tsawo, ba hanyar keke. Ba yadda za mu yi, na durƙusa na goya shi, takardunsa a baki na, muka hau ina haki. Muna shiga, tun Yaya bai gama sallama ba, sai mai ofishin ya sa hannu a aljihu ya miƙo masa naira hamsin. Yaya ya ce, "Ranka ya daɗe, ba bara na zo ba, aiki nake nema." Mutumin ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Wa zai riƙa hawo da kai kullum?" Ko takardun bai buɗe ba. Har muka isa gida Yaya bai ce uffan ba.

Da muka komo makaranta na kwashe labarin na faɗa wa malaminmu na darasin zaman ƙasa. Shi ne ya bayyana mini cewa akwai dokar da ta hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairu na 2019. Dokar ta ce duk mutumin da ya nuna wa wani bambanci saboda naƙasarsa, za a ci shi tarar naira 100,000, ko ɗaurin wata shida, ko duka biyun. In kuwa kamfani ne, tarar naira 1,000,000 ce. Ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keke zai iya shiga, kuma wa'adin ya cika a 2024. Har ila yau ta ce a keɓe wa naƙasassu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. A 2020 aka kafa hukuma ta ƙasa don ta kula da wannan al'amari.

Da na ji haka sai murna da baƙin ciki suka haɗu mini. Ashe ranar nan gaskiya tana hannunmu, amma ba mu sani ba. Lalle rashin sani ya fi dare duhu. Nan da nan na rubuta wa Yaya wasiƙa. Ya amsa mini cewa ya sake kai takardunsa, wannan karon tare da shugaban ƙungiyarsu, kuma ya rubuta ƙara zuwa ga hukumar. Har yanzu muna jiran amsa.

To, 'yan'uwana ɗalibai, mu ma mu duba kanmu. Azuzuwanmu da ɗakin cin abinci duk da matakala ake shiga. Da Yaya ne ya ci jarrabawar shiga nan, ina zai bi? Ina roƙon hukumar makaranta ta taimaka da 'yan buhunan siminti a yi gangara a bakin ƙofofi, mu kuwa za mu ɗebo yashi da ruwa ranar Asabar. Gobe mu ne za mu zauna a ofisoshin nan. In mai keke ya shigo, mu fara karɓar takardunsa kafin mu taɓa aljihu. Wanda yake da ƙafa yau bai san abin da gobe za ta kawo ba.

Allah ya sa mu gane, amin.