Musanya: Daga Nahawu Zuwa Lissafi

'Yan'uwana ɗalibai, da yawa daga cikinmu gudun lissafi ne ya kawo mu nazarin harshe. Ni kuwa a darasin nahawu na gane dabarar musanya ta aljabara, har nake koya wa yaran unguwarmu ita da Hausar da ni ma koyonta na yi.

Ga misali. Biro biyu da littafi ɗaya sun kama naira 700, kuma littafi ya fi biro tsada da naira 100. Mu kira kuɗin biro x, na littafi y. Jimla ta farko ita ce 2x + y = 700, ta biyu kuma y = x + 100. Sai mu sa x + 100 a gurbin y cikin ta farko: 2x + x + 100 = 700. Ke nan 3x = 600, biro ya zama naira 200, littafi 300. Birona biyu 400, a haɗa da 300, ga 700 cif.

Ashe ba aikin wakilin suna ba ne wannan? "Shi" ya maye gurbin "Audu", ma'ana ba ta canja ba.

Kalmar aljabara ta fito daga littafin da Al-Khawarizmi ya rubuta da Larabci a Bagadaza wajen shekarar 820. Idan Larabci ya ɗauki wannan ilimi, Hausa ma za ta ɗauka. Yaro yakan faɗi lissafi don bai gane tambayar ba. Samar masa da kalmomin aikinmu ne, mu ɗaliban harshe.