Sawun Ɓarawon Kaji

A nan Kambole, kusa da iyakar Benin, kaza ce asusun talaka. Da kuɗinta nake saya wa 'ya'yana littattafai. Shi ya sa in ta ɓace, zargi yakan faɗa kan karen maƙwabci ko yaronsa.

Ni dai toka nake barbaɗawa a bakin akurki da dare, da safe in duba sawu. Muzuru yakan bar sawunsa da gashin kaza a warwatse. Maciji yakan haɗiye ƙwai, ya bar alamar jan ciki. Shirwa kuwa da rana take surar ɗan tsako. Sai in toshe ramuka, in kife 'yan tsaki da kwando.

'Yan'uwa, mu duba toka tukuna, kada zato ya ɓata mana zumunci.