Kafin A Mai Da Tsohon Jirgi Ruwa A Gurara

Wanda ya baro Kafanchan ya yi yamma, ya bi ta Kwoi zuwa Kagarko, ya shiga ƙasar Kogin Gurara, inda madatsar da ke taimaka wa Abuja da ruwan sha take. Damina a nan doguwa ce, tun daga Afrilu har Oktoba, katako kuwa ba ya shan ruwa haka ya zauna lafiya.

Saboda haka idan aka jawo tsohon kwalekwale gaɓa don gyara, kafinta ba ya fara taɓa fenti. Allon baya yakan fara dubawa, watau inda ake rataya inji. Sai ya ƙwanƙwasa shi da guduma yana saurare. Lafiyayyen katako amo gare shi. Wanda ruwa ya ci kuwa sai ya amsa a dushe. Sa'an nan ya soka tsinin wuƙa kusa da ƙusoshi, don ta nan ruɓa ke shiga. In wuƙa ta nutse, allon ya tashi aiki, kwalta ba ta ceto shi.

Mai jirgi yakan so a lulluɓe a wuce. Amma ranar kasuwa, mata da buhunan citta ne za su hau.