Istanbul, Garin Kyanwowi

Wanda ya sauka Istanbul ta ƙasar Turkiyya, kafin ya gama ƙirga masallatai zai gaji da ƙirga kyanwowi. Suna kan kujerun masu shayi, suna ƙofar masallaci, babu mai cewa "as!" A unguwar Kadikoy har mutum-mutumi aka yi wa wata mai suna Tombili a 2016. Kusan kowane lungu akwai kwanon ruwa da na abinci da makwabta suka ajiye musu.

Sai dai wannan kwanon na taro yana da nasa haɗarin. Mu ɗalibai huɗu da ke haya tare mun tsinci wata 'yar kyanwa a ramamme bayan gidanmu. Likitan dabbobi ya gwada jininta, ya ce tana ɗauke da FeLV, ƙwayar cutar da aka gano a Glasgo a 1964. Tana karya garkuwar jikin kyanwa, ta jawo ƙarancin jini, wani lokaci har da sankara. Ta yawu take yaɗuwa: lasar juna, cizo, cin kwano ɗaya, ko nonon uwa. Ba ta kama mutum, kada ku tsorata. Akwai rigakafi, amma babu maganin warkewa.

Don haka tamu ba ta fita, a garin da kowace kyanwa sarauniyar titi ce. Kwanonta daban, muna auna nauyinta, ko atishawa ta yi sai asibiti. Badi za mu kammala karatu mu koma gida, yanzu cigiyar wanda zai karɓe ta muke yi, mai gidan da babu wata kyanwa.